Ɗinki na Takwas

Shekara goma sha biyu Malama Uwaliya tana bin gidajen Durun tana roƙon tsofaffin kaya, har ta cika ɗakin tarihin garin. Abin alfaharinta wata ƙwarya ce mai ɗinki bakwai, da ita aka raba hatsi shekarar yunwa.

Ranar zuwan baƙi daga Kano, sai ta tarar da sabuwa fil a gurbinta. Wai shugaban kwamiti, Alhaji Musbahu, ne ya yi gyara!

Ya ce, "Haba Malama, mu nuna wa baƙi tsiyarmu?"

"Tsiyar da ta raya kakanka? Ina take?"

"Tana juji."

Ta garƙame ɗakin, ta tono ƙwaryar a fashe. Baƙi da Alhaji suka yi ta jira a rana, sai da ta gama ɗinki na takwas ta buɗe.