Ranar da Muka Auna Nisan Gadon Matar Malam Sa'idu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka tura mu auna nisan gadon matar mutum da taransifoma ba. Ku yaran yanzu kuna dariya, amma wallahi da takarda aka tura mu, da sa hannun manaja.

A farkon shekarun 1990 ne, ina shugaban masu hawa falwaya a ofishin lantarki na Azare. Akwai wani malamin kimiyya a makarantar sakandare, Malam Sa'idu, mutumin da ko gaisuwa sai ya sa mata Turanci. Taransifomar unguwarsu tana jikin katangarsa. Wata Litinin ya shigo ofis da wata mujallar ƙasar waje duk ta sha jan biro, ya ce matarsa ta ji ƙullutu a mama, kuma mu ne sanadi, don haka a ɗauke masa taransifomar.

Ya tsaya ya karantar da mu kamar 'yan aji ɗaya. Wai duk wayar da wuta ke bi akwai ƙarfin maganaɗisu kewaye da ita. Wai ƙwaƙwalwa tana fitar da wani sinadari, melatonin, idan mutum yana barci cikin duhu, kuma wasu masana suna zaton maganaɗisun yana rage shi, raguwar kuma tana iya buɗe ƙofa ga sankarar mama. Injiniyanmu ya karɓi mujallar ya duba, ya ce, "Malam, ai su kansu zato suka ce, ba su tabbatar ba." Malam Sa'idu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai wayoyi ka karanta, ni kimiyya nake koyarwa." Shi ke nan, manaja ya ce a buɗe fayil.

Bari in gaya muku yadda ake yi a lokacin. Ba a ɗaga taransifoma sai da izinin babban ofishinmu na Bauchi. Mai ƙorafi zai rubuto, manaja ya yi sharhi, injiniya ya yi nasa, a aika, can ma wani ya yi sharhi ya dawo da ita da tambaya. Wata biyu cur kafin tambayar farko ta dawo: mita nawa ne tsakanin taransifomar da inda matar take kwana? Kun ji manya! Na'urar auna maganaɗisu ko hotonta ba mu taɓa gani ba, sai aka miƙo mini tef irin na magina.

Muka je mu uku da hantsi. Ba a shiga gidan matan aure, saboda haka muka zagaya bayan ɗaki. Malam Sa'idu ya toshe tagar da baƙin bargo, wai don duhu ya ƙara mata sinadarin, ga zafin bazara. Ya ɗaga murya ya ce wa matarsa, "Karɓi bakin tef ɗin ki ɗora a kan gado." Hannu ya fito ta gefen bargon. Na ga hannun nan da idona, ya kumbura suntum, awarwaro ya nutse a cikin fata. Na sunkuyar da kai na karanta tef, na rubuta mita goma sha ɗaya.

Akwai wata 'yar kasuwa, mutuniyar Kudu, Maman Chidi, da ta shekara ashirin a Azare, shagonta yana kallon taransifomar. Ta fito tana goge hannu ta ce, "Oga, me kuke aunawa?" Na gaya mata. Ta juya wajen Malam Sa'idu, babu kwana-kwana ta ce, "Malam Ticha, likita ya duba ta kuwa?" Ya haɗe rai ya ce an je sau ɗaya, sun ce sai an yanka, shi kuwa ba zai bari a taɓa ta ba alhali tushen ciwon yana nan tsaye a jikin katanga. A cire tushen tukuna. Ta ce, "Haba Malam! Ka kai ta, ƙarfen nan ba gudu zai yi ba." Ya ce ai firjinta take karewa, kada a ɗauke mata wuta. Mu kuma, ƙatti uku, muka yi 'yar dariya, muka ce a ranmu matar nan ba ta da kunya, ina ruwanta da iyalin mutum.

To ku ji irin kunyarmu. Wata bakwai muna rubuta maganar maman matar nan da Turanci, kwafi uku-uku, masinja yana yawo da ita tebur-tebur har Bauchi. Wannan bai zama rashin kunya ba. Amma a dubi mijin a ce da Hausa, "Malam, ka mayar da ita asibiti," sai bakin kowa ya yi nauyi. Kullum ya zo bibiyar fayil sai mu ce, "Yaya iyali?" ya ce, "Lafiya lau," mu ce, "Madalla." Ni da na ga hannun ma abin da na riƙa faɗa ke nan. Tir da mu.

Daga baya muka ji yayyenta sun zo daga Disina sun ɗauke ta da ƙarfi sun kai ta asibiti. Likitoci suka ce an makara, ciwon ya bazu. Ta rasu ranar Laraba. Ranar Alhamis izini ya iso daga Bauchi: a matsar da taransifoma nan take, a kawo rahoto.

Na ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, matar fa ta rasu." Ya ce, "Allah ya jiƙanta. Amma ba a rufe fayil sai an aiwatar da umarni." Haka muka je da mota da igiyoyi ranar sadakar uku, mutane suna zaune a tabarmi a ƙofar gida, muna "ja, saki" a kansu. Malam Sa'idu bai ɗago kai ba. Maman Chidi ta rufe shagonta ta shiga cikin gida wajen mata, ko kallonmu ba ta yi ba.

Har yau ban san ko maganaɗisu yana taɓa wannan sinadari ba, wannan aikin masana ne. Abin da na sani, ƙullutu likita ake kai wa, kuma ma'aikaci yana iya cika kowane layi na takarda ya bar tambaya ɗaya da ke da amfani. In kun je aiki gidan mutane kuka ga abin da ya fi waya muhimmanci, ku buɗe baki, ko za a ce ba ku da kunya.

Ni na rubuta rahoton ƙarshe. Na duba fayil ɗin nan shafi-shafi: akwai lambar taransifoma, akwai mita goma sha ɗaya, ita kuwa ko'ina "matar mai ƙorafi" aka rubuta. Sunanta Hauwa'u. Ina saman falwaya na fara jin sa, lokacin da liman yake yi mata addu'a.