Daminar da Kwamfutocin Maccido Suka Lissafa

Maccido ya shiga aikin gwamnati a shekarun da kuɗin mai ke zuba, lokacin da duk mai iya buga tafireta ake ba shi kujera da fanka. Wani ofishin binciken noma ne ya ɗauke shi a Sakkwato. Daga tafireta ya koma kwamfuta, ya koyi rubuta mata umarni daga littattafan da wani Ba'indiye ya bari. Sojoji suka yi ta sauke juna a Legas, shi kuwa kullum yana kan kekensa daga Ƙofar Taramniya zuwa ofis.

Mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. Ko kwamfutocin ofishin huɗu sai da ya jera su bisa shekaru. Mafi tsufa, wadda ke nishi kafin ta tashi, ita yake kira Hajiya.

Wata shekara aka ba shi tarin bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa, aka ce ya fitar da matsakaici. Kwamfuta ɗaya ba za ta ɗauka ba, sai ya haɗa huɗun da waya ya raba musu aikin. Kowace ta fitar da matsakaicin rabonta ta riƙe a ma'ajinta. Ƙarama ta aika nata ga ta gaba, ita kuma ta haɗa saƙon da abin da ke hannunta, ta raba biyu, ta rubuta amsar a kan nata, ta miƙa gaba. Hajiya ce ta ƙarshe, don a wurin Maccido ba a gama magana kafin babba ya sa baki. Kuma tsofaffin bayanai, na shekarun da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, ita ya ba, tunda ita ce tsohuwa.

Amsa ta fito da kyau, ruwa isasshe. Maccido ya naɗe takardar ya hau mota zuwa ƙauyensu.

Can yayansa Bawa ke riƙe da gonar gado, ita ke ciyar da gidaje biyu, har da na Maccido. Bawa gero yake shukawa, don ya daina yarda da damina tun farin da aka yi a baya. Maccido ya ce a juya gonar duka zuwa dawa, inji ya nuna ruwa zai kai ta.

Bawa ya daɗe yana kallon takardar da bai iya karantawa. "Kai ka ga wanga da idonka?"

"Na gani, Yaya."

"To, a shibka."

Tun haihuwar Maccido, ranar ce Bawa ya fara bin shawararsa. Daɗin da Maccido ya ji a hanyar dawowa ba ya faɗuwa.

Ana tsakar damina aka kawo sabuwar ma'aikaciya, Lailatu. Ita ba ruwanta da shekarun kowa. Ta ga Hajiya na jawo jinkiri, ta mai da ita farko, ta sa ƙarama ƙarshe. Amsa ta fito daban, ruwan ya ragu sosai.

"Malam Maccido," ta ce, "idan kana raba biyu a kowane mataki, wadda ta zo ƙarshe rabin amsar nata ne ita kaɗai. Kowace ta aiko jimla da yawan shekarun rabonta, a yi rabawa sau ɗaya a ƙarshe. Sannan ko wa ya fara, amsa ɗaya ce."

Ya gyara a ranar, bai yi gardama ba. Amsar gaskiya ta gero ce. Amma dawa ta riga ta kai gwiwa, ba a mai da shuka baya. Daga nan ya koma kallon gabas fiye da allon kwamfuta, kuma abinci ya daina shiga masa.

Ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fitar da kai.

Da kaka ya tafi ƙauye da jawabinsa a shirye, ya maimaita shi tun daga tasha. Ya iske Bawa a ƙofar gida da dattawan unguwa, ga rumbu a buɗe ana ganin ƙasansa. Ya durƙusa ya gaida kowa. Wani tsoho ya gyara murya ya ce sun ji wai injin birni ne ya sa aka bar gero.

Maccido ya buɗe baki.

"Wane inji?" in ji Bawa, ko kallon ƙanensa bai yi ba. "Ni nac ce a shibka dawa. Wanga yaro tun yaushe aka shawara da shi a gidan ga? Tashi ka shiga ciki, an aje maka hura."

Maccido, da furfurarsa, ya tashi ya shiga.