Shekarar Da Na Zama Abu Almani

Ko zan manta sunan unguwarmu Hindawiyya ta nan Makka, ba zan manta shekarar da kunnena ya kai ɗana Jamus ba.

Yaron haifaffen Makka ne, Larabci ya fi zama a bakinsa, kuma shi ya yi wa kansa cuku-cukun karatun likita. Ranar da ya ce, "Abuya, na samu gurbi a Arminiya," ni Almaniya na ji, wato Jamus. Ban ƙara tambaya ba. Na yanka rago, na cika unguwa da baki, har direbobin tasi suka laƙaba mini Abu Almani, wato Baban Bajamushe. Ni kuwa ina amsawa, har da gyara zaman hula.

Wata rana bayan la'asar ya bugo waya. "Abuya, kada ka tsorata, ana ba-ta-kashi a kan iyaka."

Na ce, "Wa ya isa ya taɓa Jamus?"

Ya ce, "Wace Jamus kuma?"

Ashe uwarsa ta sani tuntuni, ta ƙyale ni ina shan sarauta. Ta buɗe mini taswira a waya, babban yatsana kaɗai ya rufe ƙasar. Armeniya, 'yar mitsitsiya, maƙwabta biyu sun rufe mata ƙofa. Yaron ya ce dogaronsu Rasha ce, akwai yarjejeniyar za ta kare su, amma sun kira sun kira, tana can hidimar nata yaƙin. Wallahi tsoro ya kama ni.

Sai na bugi ƙirji. "Su suka jiyo! Ni ina da babba. Gobe za ka kwana Makka."

Babban nawa wani attajiri ne a unguwar Rusaifa. Shekara da shekaru ina kai masa kilishi, kullum sai ya ce, "Kome ya taso, kira ni kawai." Na kira, waya ta yi ta ringi. Na sake, na sake. Na hau tasi har ƙofar gidansa, aka ce yana fama da shari'ar wani fili, in dawo bayan sati biyu. Direban da ya maido ni ma bai raga mini ba: "Abu Almani, yaya mutanen Jamus?"

Da na gaya wa yaron, dariya ya yi har da tari. "Abuya, ashe kai ma Armeniya ne!"

Wadda ta riƙe mini ɗa kuwa tsohuwar da yake haya a gidanta ce, Kirista, nata ɗan yana bakin daga. Ita ta hana shi fita, ta ciyar da shi har ƙura ta lafa. Da ya ba ta labarina, sai ta ce ya gaishe ni, wai wannan ringin da ba a ɗauka, duk ƙasarsu an san shi. Na yi dariya, sannan na tuna ita ma kira take jira daga nata ɗan, sai hawaye.

Yau ɗana likita ne, sunan Abu Almani kuma ya bi ni har tsufa. Abin da na koya shi ne, alkawarin babba sai ranar tsanani ake sanin nauyinsa. Kilishina kuwa, tun daga shekarar, tsohuwar nan ake kai wa.