Ƙodar Edileuza

Kowa a bakin kasuwar unguwarmu ta birnin Recife a ƙasar Brazil ya san Dona Edileuza mai wainar rogo. Mace ce gajera, mai faɗan tsiya, wadda ba ta iya dariya ba sai ta rufe baki. Ba ta yi aure ba. Uwarsu ta rasu ta bar mata ƙani, Genivaldo, ta goya shi a gefen tanda har ya girma ya zama direban bas. Shi kuwa Allah ya yi shi da son mutane. Ko gawa aka ajiye kusa da shi sai ya ja ta da hira.

Da ƙodojinsa suka mutu aka fara yi masa wankin ƙoda, Edileuza ba ta yi shawara da kowa ba. Ta je aka gwada jininta, ya dace, aka yanka ta aka ciro ɗaya aka dasa masa. Likitar da ta yi aikin ta yi mata bayani dalla-dalla: magungunan da za su hana jikinsa ƙin ƙodar su ne kuma za su karya garkuwar jikinsa, har murar wani tana iya kayar da shi. Dole a kwantar da shi shi kaɗai. To amma inshorar da kamfanin bas ya yanka wa direbobinsa ta ɗakin mutum huɗu ce. Ɗakin mutum ɗaya, a wurin masu inshora, gata ne na masu hali.

Haka baiwar Allahn nan ta dinga jan jiki zuwa ofishinsu, hannu dafe da ɗinki. Ta ce musu ba talabijin take nema masa ba, ƙofa take nema da za a rufe. Likita ma ta rubuta musu. Su kuwa kullum maganarsu ɗaya, ana dubawa. Ni dai ban taɓa ganin masu taurin zuciya cikin fara'a irinsu ba, har kofi suke ba ta. Daga ƙarshe suka ce za su turo nasu likitan ya gani da idonsa.

Edileuza ta ja wa ƙaninta kunne, ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in mutumin ya zo ya faɗa masa gaskiya. Amma ina! Mu nan ba a yi wa baƙo ƙorafi, balle a gaban maƙwabta. Genivaldo ya riga ya saba da mutanen ɗakin, ya san sunayen jikokinsu. Da likitan inshora ya tambaye shi ko zama da mutane yana damunsa, sauran ukun suna kallonsa, sai ya washe baki.

"Haba likita, waɗannan ai 'yan'uwana ne. In kuka kulle ni ni kaɗai, kaɗaici ne zai kashe ni."

Likitan ya rubuta abin da ya ji, ya yi godiya ya tafi. Aka ƙi. Edileuza ta zage shi tas, ta ce masa sakarai mai baki kamar rediyo, sannan ta fita baranda ta yi kuka don takaici.

Ranar Lahadi ɗakin ya cika da masu dubiya. Matar maƙwabcin gadonsa ta zo da ƙawayenta na coci, tana ta tari tana cewa sanyin fanka ne. Suka bi gado-gado suna addu'a, kowa a riƙe masa hannu a sumbace shi a kumatu biyu kamar yadda aka saba. Takunkumin rufe baki da hanci da aka ba Genivaldo yana wuyansa. Ya sauke shi ne don kada matar ta ga kamar yana ƙyamarta.

Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya rufe shi, ciwon ya sauka a huhu. Likita ta kira Edileuza gefe ta ce zaɓi biyu ne: a ci gaba da magungunan ya mutu, ko a tsayar da su jikinsa ya yaƙi ciwon, ya yaƙi ƙodar tare. Edileuza ta ce a tsayar. Ya rayu, ƙodar ta lalace, aka sake buɗe shi aka cire ta.

A lokacin ne masu inshora suka amince da ɗakin mutum ɗaya, ba musu ba jan rai, wai kada ya shafa wa sauran marasa lafiya. Edileuza ta shiga sanye da takunkumi ta same shi ya rame, an maƙala masa injin wankin ƙoda. Mai surutun nan ya ɗago ya dube ta.

"Yaya," ya ce, "na ɓatar miki da ita."

Ba ta zage shi ba. Ta gyara masa bargo, ta fita ta tare likita a hanya, ta tambaye ta a hankali ko ana karɓar ƙoda ta biyun in mai ita ya yarda.