Ɓaure Mai Tsaurin Ido

Tun Auta yana goye a bayan Yayarsa aka san ba za a sha da daɗi ba. Gidansu gidan baƙaƙe ne, duk baƙi wuluk kamar gindin tukunya, hanci ɗaya, goshi ɗaya, har wushirya ɗaya. Baƙo in ya shigo sai ya riƙe baki ya ce, "Kai! Waɗannan ai kamar an tsaga kara." Kowa ya yi dariya, ban da Auta. Ran nan wata baƙuwa ta kira shi da sunan wansa, ta ce ya miƙo mata buta. Yaro ko makaranta ba a sa shi ba, ya tsaya ƙyam ya dube ta tsakiyar ido ya ce, "Ni ba shi ba ne." Bai taɓa butar nan ba sai da ta tambayi sunansa. Daga ranar aka laƙaba masa mai tsaurin ido, sunan ya bi shi har ya yi gemu.

Da ya girma sai ya kama sana'ar facin taya a bakin tashar manyan motoci. Rumfar kwano ce, da injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, da wani baho na baƙin ruwa inda yake nutsa taya yana kallon ta inda kumfa za ta ɓullo. Yakan ce huda ƙarama kamar ta allura ita ke kwantar da tirela da kayanta, saboda haka shi ba ya raina ƙaramin abu.

A rumfar nan ɓaure ya same shi. Wani direba ne da ya fito daga nesa, yana zaune kan benci yana jiran a gama masa aiki, ya buɗe kwano ya miƙa wa Auta wani abu baƙi mai sheƙi. Auta da ya saba da ɓauren daji sai ya tsaga yana leƙen ƙwari.

Direba ya tuntsire da dariya. "Mai faci, hudar taya kake nema? Ci abinka."

Cikin ɓauren ja jawur, ko ƙwaro ɗaya babu. Auta ya ci, ya lashe yatsa, ya ce a ba shi iri. Direba ya ce wannan ba a shuka shi da iri, sanda ake dasawa. Da ya sake zagayowa kuwa sai ga shi da ɗan reshe naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Auta ya gangaro tsohuwar tayar tirela tun daga tasha har gida, yara na bin sa da ihu. Ya kwantar da ita a lungun bayan madafa, ya cika ta da ƙasa da taki da ɗan yashi, ya soke sandar.

Sanda ta biyu kuwa daga hannun wata tsohuwa ta fito, wadda yake yi wa facin tayar baron ɗiban ruwanta. Sabon titi zai cinye katangarta har da bishiyar ɓauren da ke jiki, ta ce ya zo ya yanki reshe kafin a tumɓuke ta. Ya gangaro wata tayar, ya jera ta kusa da ta farko.

An yi masa ba'a kam. Wai mai faci ya koma mai lambu, wai tayoyi ne za su haihu. Bai kula kowa ba. In ya taso daga aiki, hannu duk baƙin mai, kafin ya nemi abinci sai ya shayar da sandunansa. Lokacin zafi ya lulluɓe gindinsu da busasshiyar ciyawa, in sun zubar da ganye ya rage musu rassa. Suka tashi kai ɗaya, saiwa ta huda ta ƙarƙashin taya ta kama ƙasa, suka fara zuba 'ya'ya baƙaƙe sul, in ka haɗa su a faranti sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su.

Shi kaɗai ya san ba haka ba ne. A gindin kowane ɗan ɓaure akwai wata 'yar ƙofa, shi ido yake ce mata. Ta direba idon 'ya'yanta a tsuke yake gam, ko tsinke ba ya shiga, sai ya sa mata sunansa, Mai Tsaurin Ido. Ta tsohuwa kuwa idonta a buɗe, in rana ta yi zafi sai wani ruwa mai kauri kamar zuma ya ɗigo ta wurin, ya tsaya yana lilo. Ita ce Mai Hawaye. Ita ya fi so, ita ce kuma mai wahala. Ba ta son ruwan sama ko kaɗan, shi ya sa duk damina yake kafa mata sanduna ya rufa mata wani tsohon tamfol na mota.

Ana nan, mahaifinsu ya riga mu gidan gaskiya, gida ya koma hannun Baffa, ƙanen mahaifin. Tsohon mai gadi ne, ya saba in ya ce a tsaya a tsaya. Famfon unguwar kuwa sai ranar da ya ga dama yake kawo ruwa, Baffa ya ce tanki za a kafa, kuma duk gidan babu inda ya dace sai lungun bayan madafa. Ya auna da sandarsa, ya ga wurin taya ɗaya ya isa. Ya sa aka kira Auta. Gwaggo, yayar Baffa, tana zaune a inuwa tana tsintar shinkafa, Yaya tana shanya.

Baffa ya nuna bishiyoyin da sanda. "Zaɓi ɗaya, a sare ɗaya."

Auta ya durƙusa, amma idonsa bai durƙusa ba. "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ba ɗaya ba ne."

"To a ciro ɗayar a kai wani wuri."

"Saiwa ta yi nisa, Baffa. In aka taɓa ta, ta tafi."

"To ta tafi mana! Ɓaure ɓaure ne. Wannan baƙi, wancan baƙi, duk kanwar ja ce."

"Kama da wane ba wane ba ne, Baffa."

Baffa ya juya wajen Gwaggo. "Kin ji ko? Tsaurin idon nan har yau bai bar shi ba." Ya dawo kan Auta, yana buga sanda a ƙasa. "To ji nan. Birkila zai zo da zarar ruwa ya ɗauke. Kafin nan, in har ni da bakina na ce wannan ba irin waccan ba ce, na bar maka su duka, tanki kuwa ya hau kaina."

Gwaggo ba ta ɗago daga farantinta ba ta ce, "Na ji, na kuma ajiye."

Washegari Auta ya fara. Ya tsinko ganye biyu ya shimfiɗa a gaban Baffa. Na Mai Tsaurin Ido yatsu biyar dogaye kamar tafin hannu, na Mai Hawaye faffaɗa mai kunnuwa uku.

"Akuya ka mayar da ni?" in ji Baffa. "Ganye zan ci?"

Da 'ya'yan farko na bana suka nuna ya tsaga ɗaya daga kowace bishiya ya kawo. Ɗaya ja kamar hanta, ɗaya ruwan zuma.

"Tumbi bai san launi ba."

"To ɗanɗana, Baffa. Wannan da 'yar tsami-tsami a ƙarshe, wannan kuwa zaƙi zalla. Ka fara da..."

Kafin ya rufe baki Baffa ya haɗa duka biyun ya cusa a baki ɗaya, ya tauna, ya haɗiye, ya goge gemu. "Da daɗi. Ɗaya ne."

Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki, sai da ta ga fuskar ƙanenta ta haɗiye sauran. Auta ya juya gindin ɓauren ya nuna masa idon.

"Yau na ji ikon Allah," in ji Baffa. "Ɓaure ma da ido? Gobe ka ce mini yana da kunne. Tashi ka ba ni wuri."

Auta ya tashi. A rumfarsa ranar ya nutsa taya cikin baho ya manta da ita, kumfa na ta fita yana kallo bai gani ba. Ya gane Baffa ba gani ne ba ya yi ba, so ne ba ya yi ya gani. Mutumin da ya rufe ido da gangan, ko fitila ka haska masa a banza. Sai dai abin ya zo ya same shi har kan tabarmarsa.

Damina ta kai tsakiya, bishiyoyin sun yi nauyi da 'ya'ya. Mai Hawaye ba ta taɓa ɗauka kamar na bana ba, rassa har sun sunkuya. Wata rana da yamma hadari ya haɗo baƙi ƙirin, Yaya ta fito kwashe shanya, sai ta ga tamfol a naɗe a jingine da bango, Auta na zaune a kansa.

"Kai Auta, ruwa fa zai sauko! Ka manta da mutuniyarka?"

"Ban manta ba, Yaya."

"Za ta lalace fa, duk ɗin nan!"

"Na sani." Bai dube ta ba, bishiyar yake kallo. "Gara ta rasa 'ya'yan bana da ta rasa ranta."

Yaya ta tsaya da zannuwa a hannu. Ita ta goye shi, ta san in muryarsa ta yi sanyi haka, ko da igiya ba a jan sa. Ta shige ɗaki da zannuwanta.

Aka yi ta sheƙa ruwa, yau a yi, gobe a yi, jibi a ƙara. Ruwa ya bi ta buɗaɗɗen idon nan ya shige, 'ya'yan Mai Hawaye suka kumbura, suka tsattsage, suka yi tsami. Kowace safiya Auta ya zo ya tsaya a kansu, hannu a baya don kada ya taɓa, ya wuce wurin aiki ba ya ko karyawa. Da rana ta fito sai ƙudaje suka yi sallama, tururuwa ta yi layi, rina ta kafa sansani. Warin tsami ya cika lungun, ya zagayo har ƙofar ɗakin Baffa, don ita ce mafi kusa. Ita kuwa Mai Tsaurin Ido tana gefe, 'ya'yanta sumul suna sheƙi, kamar ba a garin aka yi ruwan ba.

Ran nan da hantsi, kowa na tsakar gida, Baffa ya shimfiɗa tabarma zai sha iska. Ya kori ƙuda, ya kori ƙuda, sai rina ta auna bayan kunnensa ta ba shi. Tsoho ya miƙe zumbur, hula ta yi gefe, ya nufi lungun yana huci.

"Wannan! Wannan la'ananniyar za a sare, yau ba gobe ba! Ku dube ta, duk ta ruɓe ta tara mana ƙwarin duniya. Ku dubi 'yar'uwarta, ruwa ɗaya ya dake su, ko gezau! Wannan ai ba irin waccan ba ce, ko makaho ya sani!"

Gwaggo ta ajiye carbinta a hankali.

Auta ya matso ya durƙusa. "Baffa, injin iska ya kashe mini kunne. Me ka ce?"

Baffa ya waiga. Ya dubi bishiya, ya dubi Auta, ya dubi tamfol ɗin da ke naɗe a jikin bango, sannan ya gane.

"Kai! Da gangan ka... Ba haka nake nufi ba! Cewa na yi..."

"Mun ji abin da ka ce," in ji Gwaggo. "Magana zarar bunu ce. Ni na goye ka, tun kana ƙarami bakinka ke yanka maka wuya. Duka biyun sun zauna. Saura tanki, a ina ka ce zai hau?"

Yaya ta kasa riƙewa, ta saki shewa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Auta bai yi dariya ba. Ya ɗauko tsintsiya da bokiti, ya kwashe ruɓaɓɓun 'ya'yan nan tas, ya tsinke na sama, ya shafa jikin bishiyar kamar mai ba ta haƙuri, ya kafa sanduna ya ja mata tamfol ɗinta.

Maganar tanki ma shi ya kashe ta. Shi da mai walda maƙwabcin rumfarsa suka ƙera dogayen ƙafafu na ƙarfe, birkila ya kafa su a gefen ɗakin Baffa, aka ɗora tanki can sama daidai kan rufin. Duk wanda ya shigo gidan sai Gwaggo ta nuna masa da baki ta ce, "Ga shi can, ya hau kansa." Ruwa ma ya fi ƙarfi daga sama, amma Baffa bai taɓa yarda ya faɗa ba.

Da zafi ya dawo, Mai Hawaye ta rama. Kowane ɗa da ɗigon zumarsa yana lilo a ido. Wata safiya Auta ya saɓa jakar kayan aikinsa zai fita, sai ya tarar da Baffa a lungun, ya ɗaga kai sama, sanda ta kasa kaiwa.

"Kai mai tsaurin ido, zo ka tsinko mini."

Auta ya miƙa hannu wajen ta direba.

"A'a, ba wannan ba! Waccan, mai zumar."

"Wacce, Baffa? Ai duk kanwar ja ce."

Takalmin Baffa ya bi shi har zaure, bai same shi ba. Ya dawo yana dariya, ya taka bakin taya, ya cika wa tsoho hula.