Baba Sule Mai Zagin Koci

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon ƙwallon kwando tare da marigayi Baba Sule ya san ba ya zama. A tsaye yake tun daga usur ɗin farko har na ƙarshe, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana nuna wa koci kuskurensa. Ni abokin aikinsa ne, mun daɗe muna tuƙi a kamfani ɗaya a nan Riyad, gida ɗaya kuma muke haya a unguwar Al-Naseem. Kunyar da ya ba ni a wajen kallo kuwa, Allah kaɗai ya san iyakarta!

Wata kwaleji ce ta ɗauko Bahaushe ɗan Jos, Koci Yakubu, ya horar da 'yan wasanta. Da muka ji namu ne, sai muka mayar da wasanninsu wajen shan iska. Ranar farko wani Balarabe da ke bayanmu ya taɓa kafaɗar Baba ya ce, “Ijlis, ya Hajj,” wato ya zauna. Baba ya waiwayo ya ce da ni, “Ado, gaya masa tsayina duka bai kai kan kujerar nan ba. In bai ga wasa ba, ya nemi likitan ido.”

Matsalar Baba ɗaya ce, Koci Bawa. Wannan shi ne kocin kwalejin horon malamai da Baba ya yi tun yana saurayi, ya kuma rasu tun kafin a haifi yawancinmu. Amma kullum yana tare da mu a wajen kallo. Koci Yakubu ya canza ɗan wasa, “Koci Bawa ba zai yi haka ba.” Ya sha ruwa, “Koci Bawa bai taɓa shan ruwa a gaban yara ba.”

Samarin gidanmu, su Nafi'u mai aikin fenti, a waya suka koyi wasan, wajen kallon na Amurka. Su so suke a tsaya daga nesa a cilla ƙwallo ta faɗa kwando, a ci, a tashi. Mu tsaka-tsaki, da muka ga jiya muka ga yau, burinmu dai kada ɗan'uwanmu ya kunyata mu a gaban Larabawa. Baba kuwa fasin yake so. Ƙwallon da ba ta bi hannun kowa da kowa ba, a wajensa haramun ce ko ta shiga.

Wata Juma'a aka lallasa mu. Muna cin shinkafar kabsa a gida Nafi'u ya ce, “Wallahi a kori mutumin nan, khalas!” Baba ya ce, “Yaro, yau ne ma ya ɗan yi abin kirki.” Sati na gaba muka ci da rata mai yawa, samari na ta ihu a mota, Baba ya haɗe rai kamar an yi masa rasuwa.

Na ce, “Baba, ai mun ci.”

Ya ce, “Wannan ci ne? Ai ɓarawo ma yana cin tuwo.”

Asirin Baba ya tonu ne da wani Alhaji Tanko, ajinsu ɗaya a kwalejin, ya zo Umra ya biyo ya gaishe shi. Nafi'u, shaƙiyyin banza, ya zuba masa shayi ya ce, “Alhaji, wai da gaske Baba ya iya ƙwallo?”

Alhaji Tanko ya yi dariya har ya sarƙe. “Sule? Ai har muka gama makaranta yana benci. Shi ke riƙe mana takalma!”

“To Koci Bawa fa, ya ci kofuna?”

“Wane kofi? Sai dai na shayi.”

Ɗaki ya kaure da dariya. Baba ko gezau, ya gyara hularsa ya ce, “Bencin Koci Bawa ya fi filin wasu. Ranar da mahaifina ya rasu, shi ya goya ni a keke har ƙauyenmu. Ku nuna mini wanda zai yi wannan a cikin wayoyinku.” Sai ya ƙara da cewa, “Kuma Tanko ma sau ɗaya ya taɓa cin kwando, a kwandonmu.”

A shekara ta biyu abubuwa suka lalace, aka yi ta cin mu. Labari ya zo cewa kwalejin za ta sallami Koci Yakubu. Ku kun san abin da wannan ke nufi a ƙasar nan. Kwalejin ce kafil ɗinsa, wato mai tsaya masa, da sunanta iƙamarsa, takardar izinin zama, take. In aiki ya tafi, sai ya kwashi mata da 'ya'ya daga makaranta ya koma gida. Samari suka ce ai shi ya jawo wa kansa. Na ɗauka Baba zai yanka rago don murna.

Da safe sai ga shi cikin babbar rigarsa ta Sallah. “Tashi ka kai ni wajen mudir.”

“Baba, ka je ka ƙara masa gishiri?”

“Tuƙi na ce ka yi, ba tambaya ba.”

Aka shigar da mu ofishin mudir, wato shugaban wasanni na kwalejin. Larabcin Baba na kan titi ne, daga “yalla” sai “shuwayya shuwayya”, don haka ni na yi tafinta. Ya ce, “Gaya masa kocin nan bai iya komai ba.” Na ƙi fassarawa. Ya taka mini ƙafa, na fassara. “Amma gaya masa na ga yana jiran yaran nan a bakin ƙofa har iyayensu su ɗauke su. Kai Balarabe ne, ka fi ni sanin dabino. Ana shuka shi bana a ci bana?”

Mudir ya yi murmushi ya ce, “Ya Hajj, ba kai ne kake zaginsa a kowane wasa ba? Har ofishina nake jiyo ka.”

Baba ya ce, “Ni ne. To in kun kore shi, wa zan zaga?”

Ko maganar Baba ce, ko dama sun canza shawara, oho. An dai ƙara wa Koci shekara. Ya zo har gida yin godiya, ya kama hannun Baba, idonsa ya cika da ƙwalla. Baba ya janye hannunsa ya ce, “Riƙe godiyarka. Je ka koya wa dogon yaron nan fasin.”

Bara zuciya ta buga masa bayan sallar la'asar, kafin mu kai asibiti ya cika. A nan Riyad aka binne shi. 'Yan wasan kwalejin suka zo gaba ɗayansu, 'ya'yan Larabawa dogaye, suka ɗaga makara sama har mu gajeru muka kasa kai kafaɗa. Koci Yakubu ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Allah ya jiƙan Baba Sule, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya Allah, baƙo ne ya rasu nesa da gida, ka karɓe shi da rahamarka. Amin.