Yajin da Mma Ayishetu ta zuba wa Kassim

Duk mai cin waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Maamobi ya san Mma Ayishetu, kuma ita ma ta san shi. Tun kana bakin kwata za ta hango ka, kafin ka iso ta naɗe maka shinkafa da wakenka a ganye: wannan da taliya, wancan ban da ganda. Ba a yi mata oda, haba! Idonta ne jarinta.

Ciwon suga ya daɗe a jikinta, ga ƙiba tubarkalla. Sai 'yarta Wadia ta aiko mata daga Jamus da wata allura ta mako-mako, wai tana sauke suga, tana rage jiki. Likita? Wane likita! Mma ta haɗa da ƙwayoyinta na suga ta ci gaba. Nan da nan ta zabge, tela ya rage mata riguna, a gidan biki ana ta "Ei, Mma, kin koma budurwa!" Daɗi kamar ya kashe ta.

Sai fuskoki suka fara yi mata hazo. Ta ce hayaƙin murhu ne. Ta canza kwalli. A ranta kuwa tsoro ne fal, ta kasa faɗa wa kowa.

Ran nan ta cika wa Kassim direban trotro, motar haya, ganyensa da shito, baƙin yajin nan, alhali duk unguwa an san gyambon ciki gare shi.

"Mma, ni ne fa, Kassim."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Sai hawaye.

Bai ɗauki fasinja ba ranar, asibitin ido ya kai ta tana ta masifa a hanya. Likita ta leƙa ta ce suga ya riga ya taɓa jijiyoyin bayan idon, saukarsa da gaggawa kuma ta ƙara tsananta abin. Irin wannan allura sai da likita, ana yi ana duba ido. Amma an zo da wuri. Aka gyara mata magani, aka shiga jinyar idon.

Wadia ta sha kuka a waya, Mma ta ce ta yi mata shiru, alhamdu lillahi ba ta makance ba.

Bayan 'yan watanni, da safe, layi ya kai bakin kwata. Mma ta ɗaga kai ta ƙwala kira:

"Kassim! Daina ɓuya bayan mutane, na gan ka! Naka ban da shito!"